Mene ne reshen layin dogo na dakon kaya, kuma zai iya ɗaukar fasinja? Misalin Apapa

A labaran sufuri na 'yan shekarun nan ana yawan ambaton "reshen Apapa" idan ana maganar ɗauko kwantena daga bakin teku, kamar yadda ake ambaton "reshen Dutse" idan ana maganar layin Kano zuwa Maraɗi. Reshen layin dogo gajeren layi ne da yake ɓallewa daga babban layi a wata mahaɗa, ya nufi wani wuri guda, ya ƙare a can. Babban layi yana ratsa garuruwa ya wuce. Shi kuwa reshe, jirgin da ya shige shi ta inda ya shiga zai fito.

Rassan iri biyu ne, kuma mutanen Arewa sun fi sanin na farkon. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929 reshe ne, haka wanda ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930. Waɗannan dogaye ne, sun ratsa karkara, sun ɗauki gyaɗa da auduga da fatu da shanu, sun kuma ɗauki mutane. Iri na biyu shi ne na cikin birni, wanda aka shimfiɗa don kaya kawai: daga babban layi zuwa tashar jiragen ruwa, ko unguwar masana'antu, ko ma'ajiyar mai. Galibi layi ɗaya ne tal, jirgi yana tafiya a kansa sannu a hankali, ba shi da jadawalin da aka liƙa a bango, sai an gama lodi yake tashi. Daga jikinsa kuma wasu ƙananan layuka kan kutsa har cikin harabar kamfanoni, inda ake tura tarago bakin sito a bar shi ya kwana biyu ana sauke kaya.

A Najeriya babu reshen da ya kai na Apapa da ke Legas nauyi. Yana rabuwa da babban layi ne a Ebute Metta, inda hedikwatar Hukumar Jiragen Ƙasa take, ya bi ta wajen Ijora ya shiga tashar jiragen ruwa, tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba. Tun shekarun 1920 da Turawa suka gina wa manyan jiragen ruwa matsaya a Apapa, tashar da layin dogo tare suka tashi. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano a 1911, don haka buhunan gyaɗar da aka jera dala-dala a Kano, kasuwancin da su Alhassan Ɗantata suka yi suna a cikinsa, ta wannan ɗan gajeren reshe suke bi a zangon ƙarshe kafin su hau ruwa. Tafiya ce ta sama da kilomita 1,100, amma da a ce 'yan kilomitocin ƙarshen nan sun toshe, duk sauran ba su da amfani.

Daga baya reluwe ta yi rauni, kaya suka koma kan titi, kowa kuma ya ga abin da ya biyo baya. An yi shekaru tireloli da tankoki suna jere tun daga bakin tashar, su hau gadar Ijora, jerin ya miƙe har cikin gari. Yawancin direbobin nan 'yan Arewa ne. Mutum zai yi mako guda ko fiye a layi, ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, yaron mota ya ɗora tukunya a kan risho gefen taya, in an matsa taku goma a tashe shi: "Maigida, an motsa!" Ya tayar da inji, ya gusa tsawon mota ɗaya, ya kashe. Kowace rana a wannan layi kuɗi ne: kuɗin ajiyar kwantenar da ta wuce wa'adi, kuɗin abinci, da na masu tare hanya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ba daga aljihunsa yake biya ba, a kan yadi da katan ɗin kaya yake ɗorawa. A 2019 sai da fadar shugaban ƙasa ta kafa kwamiti ƙarƙashin mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo don kwashe motocin, a 2021 kuma hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fito da tsarin Eto, wanda mota ba ta tunkarar tasha sai an kira ta ta intanet. An samu sauƙi, amma duk dabarun tsara layin motoci ne, ba su rage yawan motocin ba.

Abin da yake rage su shi ne jirgi. Kan jirgi guda yana jan tarago talatin, kowanne da kwantena mai ƙafa 40 a kansa, wato tirela talatin ke nan da ba za su hau gadar Ijora ba. Shi ya sa da aka gina sabon layin Legas zuwa Ibadan, mai tsawon kilomita 157, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya yi, Shugaba Buhari kuma ya buɗe a watan Yunin 2021, aka haɗa masa da nasa reshen zuwa cikin tashar Apapa. Sai dai jiragen fasinja sun daɗe suna kai da komo tsakanin Ebute Metta da Ibadan kafin kaya su fara bin reshen yadda ya kamata. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kawo cikas, wani ginin hukumar kwastan ne da ya tsaya a kan hanyar layin a cikin tashar. Sai a watan Satumban 2023 ministan sufuri Sa'idu Alkali ya ƙaddamar da jigilar kwantena daga Apapa zuwa Moniya a Ibadan.

Akwai wani abu da ake yawan tsallakewa a labarai, alhali shi ne ya fi shafar mu. Layukan dogo biyu ne suke shiga Apapa, kuma faɗinsu ba ɗaya ba ne. Tsohon, na zamanin Turawa, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa milimita 1,067 ce. Sabon kuwa 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Sabon layin a Ibadan ya tsaya. Na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, bai haɗu da shi ba, na Kaduna zuwa Kano kuma a 2021 aka aza harsashinsa. Ke nan kwantenar da za ta je tashar tsandauri ta Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ko ta Dala da ke Zawaciki a Kano, wadda aka buɗe a 2023, ko dai ta bi tsohon layi da duk laulayinsa, ko a sauke ta a Ibadan a ɗora wa tirela. Haka riɗi da zoɓon Dawanau da cittar kudancin Kaduna idan za su gangara. Don haka duk wanda ya ce a tumɓuke tsohon layin Apapa tunda an yi sabo, Arewa ya yanke wa hanya ko bai sani ba.

To ina maganar fasinja ta shigo? Ta shigo ne daga abin da mai zaman gosulo yake gani ta tagar mota: ga hanya shimfiɗe ta ratsa tsakiyar unguwanni, sa'o'i suna wucewa ko jirgi ɗaya bai bi ta ba. A babban birni ba ƙarfe da tsakuwa ne suka fi tsada wajen gina layin dogo ba, fili ne. Rusa gidaje, biyan diyya da shari'o'i su ne suke cinye shekaru. Reshen kaya kuwa ya riga ya mallaki filinsa tun kafin gari ya cika, sai garin ya zo ya kewaye shi.

Wannan lissafin ba a Legas kaɗai ake yin sa ba. A birnin New York na Amurka akwai wani reshe da ake kira Bay Ridge, wanda ya ratsa yankin Brooklyn ya nufi Queens. Rabonsa da fasinja tun 1924. Jiragen kaya 'yan kaɗan ne suke binsa, a ƙarshensa na Brooklyn kuma ana tura taragai kan kwale-kwalen dako a tsallaka da su ruwa zuwa New Jersey. A farkon 2022 gwamnar jihar, Kathy Hochul, ta sanar da shirin mayar da hanyar, mai tsawon wajen kilomita 22, ta zama ta jirgin fasinja, saboda tana gitta layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa har 17. Abin lura shi ne ba su ce za a kori kaya ba, ba su kuma ce za a cusa fasinja a kan ƙarfen da kaya suke bi ba. Shirin shi ne a shimfiɗa wa fasinja nasu layin a gefe cikin filin guda. An ƙiyasta aikin zai ci dala biliyan 5.5, a kan hanyar da galibinta tuni take hannun hukuma.

Dalilin raba su shi ne halinsu ya saɓa. Jirgin kaya dogo ne, mai nauyi, yana daɗewa kafin ya ɗauki gudu, yana daɗewa kafin ya tsaya, kuma lokacin tashinsa yana hannun masu lodi da jami'an kwastan. Jirgin fasinja na cikin gari kuwa ba shi da wata daraja sai cika alkawari: wanda zai shiga ofis ƙarfe takwas, idan jirgi ya saɓa masa sau uku, ya koma motar haya ta danfo ke nan. A kan layi ɗaya, idan jirgin kwantena ya tsaya a ƙofar tasha yana jiran a buɗe masa, duk abin da ke bayansa ya tsaya. Maganinsa ko dai a ninka layin, ko a yi wuraren kaucewa, ko a ware wa kaya tsakar dare. Na ukun ya fi araha, sai dai tashar jiragen ruwa ba ta san dare da rana ba, kuma duk sa'ar da aka hana kaya fita, tirela ce take karɓar aikin.

Sai matsalar inda titi ya gitta layi. Idan jirgi biyu ne a yini, mai tuta da sandar tare hanya sun wadatar, har masu tumatir da gwanjo su baza kaya a kan ƙarfen, in sun ji ƙaho su janye tire, jirgi ya wuce su mayar. Idan kuwa kowane minti goma sha biyar jirgi zai gifta, wannan zaman ya ƙare. Legas ta ga haka a watan Maris na 2023, lokacin da jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan gwamnatin jihar a mahaɗar PWD kusa da Ikeja, aka rasa rayuka. Da jihar ta zo yin Jan Layi, layin jirgin fasinja na cikin gari, wanda ya tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, yana kuma bin hanyar Hukumar Jiragen Ƙasa, babban ɓangaren aikin gadojin sama ne a wurare irin su Ikeja, Mushin, Yaba da Oyingbo, da katange layin. An ƙaddamar da shi a watan Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba. Wannan ya nuna ana iya zaman tare, ya kuma nuna farashinsa.

Ga Apapa, ba daga sifili za a fara ba. An gina tashar fasinja a can tare da sabon layi, ita ce aka raɗa wa sunan Bola Ahmed Tinubu tun kafin ya zama shugaban ƙasa, kuma Hukumar Jiragen Ƙasa ta saba gudanar da jiragen ma'aikata na safe da yamma daga Apapa zuwa bakin iyakar jihar Ogun. Masu buƙata ma suna nan: ma'aikatan tasha, 'yan dako, ejan-ejan masu fitar da kaya, ma'aikatan kamfanonin fulawa da sukari, ga mutanen Ajegunle da Ijora. Doka ma ta buɗe ƙofa, domin gyaran tsarin mulkin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon yin harkar layin dogo. Abin da babu shi ne jirgi mai zuwa a kai a kai duk yini, kuma a nan ne za a yi karo da kaya.

A ganina, idan aka zo zaɓi, kaya ne ya kamata su riƙe gaba a wannan reshe. Mai shiga motar haya a Apapa ya fi amfana da jirgin da ya kwashe tirela talatin daga gabansa fiye da taragon fasinja biyu da za su zo lokacin da suka ga dama. Mutane suna da wasu hanyoyin da ake buɗe musu, kamar jirgin ƙasa na Shuɗin Layi daga Marina zuwa Mile 2 da jiragen ruwa na fasinja, amma kwantena mai tan ashirin da wani abu, in ba titi ko kwale-kwale ba, wannan ƙarfen kaɗai gare ta. Jirgin fasinja ya shigo, amma da nasa layin a gefe ko nasa sa'o'in da aka yanka masa a rubuce, ba don a samu abin yanke ƙyalle ba.

Kafin a kai can, aikin da ba ya cin kuɗi sosai shi ne tsare filin. Reshen da aka bari shekara goma ba jirgi, da rumfa ake fara cin sa, sai shago, sai ginin bulo, daga nan kuma sai ɓarayin ƙarfe su kwance abin da ya rage. Wannan ya shafi Kano da Kaduna da Zariya kai tsaye, inda tsohon layi ya ratsa tsakiyar gari, kuma sabon layi idan ya kammala zai iya barin sa ba aiki. Ranar da aka tashi neman hanyar jirgin cikin gari, wannan filin za a fara dubawa. Sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, wadda ta fara aiki a 2023, an buɗe ta ba tare da reshen layin dogo ko ɗaya ba, kuma filayen da za a bi a kai mata shi kullum ƙara cika suke yi da gidaje.