Waiwaye: Daga Son Kan Ma'aikaci Zuwa Son Kan Na'ura

Wanda aka hana bashi, ko aka tsallake sunansa a jerin masu karɓar tallafi, ya san an hana shi. Abin da ke gagararsa shi ne tabbatar da dalili. In ya ce don ƙabilarsa ne ko addininsa ko unguwarsu, sai a ce masa a'a, takardunsa ne ba su cika ba. Masana tattalin arziki masu aiki da alƙaluma sun kusa shekara 70 suna neman yadda za a raba wannan gardama, ba su kai ga gamawa ba aka fara miƙa wa kwamfuta hukuncin. Tunda irin wannan lissafi ya iso Marwa da Garwa da Injamena ta rajistar tallafi da kuɗin waya, ya kamata mu san inda zancen ya samo asali.

A 1957 Gary Becker na Jami'ar Shikago ya fitar da binciken da ya buɗe wannan fage. A wurinsa wariya abu ne da mai yin ta yake biyan kuɗinsa: mai kamfanin da ya ƙi ɗaukar ƙwararren ma'aikaci don launin fatarsa, ya ɗauki wanda bai kai shi ba, ribarsa yake ragewa. Saboda haka aka sa ran gasar kasuwa za ta riƙa karya masu wannan hali. Ba ta karya su yadda aka zata ba. Sai Edmund Phelps a 1972 da Kenneth Arrow a 1973 suka kawo wani bayani da ya fi tayar da hankali, cewa ba sai da ƙiyayya ake wariya ba. Mai ɗaukar aiki bai san ka ba, ba shi da lokacin saninka, sai ya auna ka da abin da yake ganin shi ne halin yawancin mutanenku. Zuciyarsa fari tas, amma kai ka sha hukuncin wasu. A riƙe wannan da kyau, domin shi ne ainihin aikin da na'ura take yi a yau.

A 1973 ɗin dai Ronald Oaxaca da Alan Blinder, kowa da nasa binciken, suka fito da dabarar raba giɓin albashi gida biyu: abin da bambancin ilimi da shekarun aiki suka jawo, da ragowar da babu abin da ya bayyana shi. Ragowar nan ake zargi da zama wariya. Dabarar tana da rauni ta fuska biyu. Wataƙila akwai abin da ba a auna ba wanda shi ne dalilin ragowar. Sannan ilimin da aka ɗauka a matsayin halastaccen dalili, shi kansa yana iya zama ɗan wariyar jiya. Yaron da ya taso a ƙauyen Mayo-Sava inda makaranta ke da nisan tafiya, in an ce ƙarancin karatunsa ne ya rage masa albashi, an faɗi gaskiya, amma ba a faɗe ta duka ba.

Haka aka yi ta ja-in-ja kan binciken reshen babban bankin Amurka na Boston a 1992, wanda ya gano ana ƙin ba baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka bashin gida da kusan kashi 28 cikin 100, farare kuwa kusan kashi 10. Da aka yi la'akari da dukiya da tarihin biyan bashi giɓin ya ragu, amma bai ɓace ba. Masu suka suka ce akwai sauran abin da ba a lissafa ba. Kullum akan iya faɗin haka.

Abin da ya rufe bakin masu wannan uzuri gwaji ne mai sauƙi ƙwarai. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga masu tallar guraben aiki a Boston da Shikago, suka wallafa sakamakon a 2004. Suna kawai suke sauyawa: wasu takardun su sa musu sunayen da aka san farare da su, irin Emily da Greg, wasu kuma irin Lakisha da Jamal. Masu sunan farare sun fi samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Wanda ya fi kusa da mu, mu da 'ya'yanmu ke neman karatu da aiki a Faransa, shi ne na Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort a 2010. Sun ƙirƙiro mata biyu masu sunan dangi ɗaya na Senegal, Marie Diouf da Khadija Diouf, da ƙwarewa iri ɗaya. An kira Marie kusan sau biyu da rabi fiye da Khadija. Asali ɗaya, takarda ɗaya, sai addinin da sunan ya nuna.

Akwai kuma hanya ta uku da Becker ya nuna, wato a duba abin da ya biyo bayan hukunci. In banki yana tsaurara wa wasu mutane fiye da kima, 'yan kaɗan ɗin da ya ba bashi a cikinsu za su fi kowa biya. An gwada irin wannan a 2001 kan motocin da 'yan sandan jihar Maryland ke tsayarwa su bincika. Ita ma tana da nata gardamar, ba za mu tsaya a kanta ba.

Da kwamfuta ta shigo, da yawa sun yi murna cewa ga alƙalin da ba shi da ƙabila. Gargaɗin farko ya zo da wuri. A shekarun 1980 makarantar likitanci ta asibitin St George's a Landan tana tace masu neman gurbi da wata manhaja da aka gina don ta kwaikwayi zaɓin malaman makarantar na baya. Ta kwaikwaye su sosai, har da rage wa mata maki da masu sunan da ba na Turai ba. Hukumar daidaiton launin fata ta Birtaniya ta tabbatar da laifin a 1988. Abin lura shi ne an kama manhajar ne don son kan yana rubuce, ana iya karanta shi, alhali malaman sun shekara da shekaru suna yi babu wanda ya iya kama su.

Rikicin da ya girgiza fagen ya ɓarke a watan Mayun 2016. 'Yan jaridar ProPublica sun binciki COMPAS, manhajar da kotunan Amurka da dama ke amfani da ita wajen hasashen wanda zai sake aikata laifi, suka bi bayanan mutum fiye da 7,000 a gundumar Broward ta jihar Florida. Cikin waɗanda ba su sake yin laifi ba, kusan kashi 45 na baƙaƙe an riga an sa su a sahun masu haɗari, farare kuwa kusan kashi 23. Kamfanin Northpointe mai manhajar ya ce ai ba haka ake aunawa ba: a ɗauki baƙi da fari masu maki ɗaya, za a ga yawan komawarsu ga laifi kusan ɗaya ne. Kowa ya kawo alƙaluma, kuma kowa na da gaskiya. Cikin watanni kaɗan Jon Kleinberg da Mullainathan da Manish Raghavan, da kuma Alexandra Chouldechova a nata ɓangaren, suka nuna da hujjar lissafi cewa muddin yawan sake kamawa ya bambanta tsakanin rukuni biyu, kuma hasashen ba cikakke ba ne, to babu manhajar da za ta cika ma'aunan adalcin nan duka lokaci guda. Dole a zaɓi ɗaya, kuma mutum ne zai zaɓa. Ƙari a kan haka, abin da aka ƙirga shi ne wanda aka sake kamawa, shi kuma ya danganta da unguwar da 'yan sanda suka fi sintiri.

Ɗan arewacin Kamaru ba baƙo ba ne ga wannan cacar baki. Tsarin daidaiton yankuna a jarrabawar shiga aikin gwamnati, wanda aka kafa da dokoki tun zamanin Ahmadu Ahidjo, a kan wannan tambayar yake tsaye: adalci shi ne maki ɗaya ya ba kowa dama ɗaya, ko kuwa kowane yanki ya samu rabonsa? Masu tuna hayaniyar da 'yan majalisar arewa suka tayar a 2008 kan ɗaliban farko na babbar makarantar horon malamai ta Marwa sun san zafin zancen. Bambancin kawai, a wancan ana jayayya a fili, a majalisa da jaridu. A cikin manhaja kuwa wani ma'aikaci ne ke yanke shawarar a ofis, ta fito da rigar lissafi.

Binciken da na fi ganin darasi a cikinsa shi ne na Ziad Obermeyer da abokansa a 2019. Wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita wajen zaɓen marasa lafiyar da za a ƙara wa kulawa ba ta tambayar launin fata ko kaɗan. Amma an koya mata hasashen kuɗin da za a kashe wa mutum, a kan zaton mai ciwo da yawa shi ke cin kuɗi da yawa. Tunda ana kashe wa baƙaƙe ƙasa da farare masu ciwo iri ɗaya, sai ta ɗauka sun fi lafiya. Masu binciken sun lissafa cewa da an gyara, rabon baƙaƙe cikin masu samun ƙarin kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5. Kada kuma a ɗauka ɗan Adam ya fi. Wani bincike na 2018 kan beli a birnin New York ya nuna da za a bi hasashen na'ura maimakon alƙalai, ana iya rage waɗanda ake tsarewa da kusan kashi 42 ba tare da laifi ya ƙaru ba.

A yankinmu lissafin ya fara shigowa ne ta ƙofar tallafi. Da yake babu takardar albashi a ƙauye, ma'aikata kan zo da tambayoyi: rufin ɗakin kwano ne ko ciyawa, mutum nawa ke gidan, akwai babur, akwai dabbobi, maigida ya yi makaranta? Kowace amsa da makinta, jimlar ita ke nuna wanda ya cancanta. Shirin tallafin kuɗi na gwamnatin Kamaru da Bankin Duniya ya yi gwajinsa na farko daga 2013 a Sulede-Ruwa da ke Mayo-Tsanaga da kuma Ndop, kuma ba mamaki a faro daga Sulede-Ruwa, tunda binciken gidaje na 2014 ya sa talaucin jihar Arewa Mai Nisa a kashi 74 cikin 100, ninki biyu na ƙasar baki ɗaya. Quentin Stoeffler da Bradford Mills da Carlo del Ninno sun kwatanta zaɓin lissafi da zaɓin mutanen gari a 2016, suka ga lissafin ya fi dacewa da gidajen da ke da ƙarancin abin kashewa. Sai dai a tuna, hasashen abin kashewar aka gina lissafin ya yi tun farko, da shi kuma aka yi masa jarrabawa. Wani babban gwaji a ƙauyuka 640 na Indonesiya ya nuna mutanen gari wani abu dabam suke kira talauci, sun fi duba ƙarfin nema, kuma sun fi gamsuwa da jerin da suka zaɓa da kansu. Jauro da mutanensa sun san gidan da mijin ya rasu bara, da wanda masakwarsa ta lalace, ko da rufin kwano na nan tun zamanin wadata. Sun kuma san 'yan uwansu, wannan ma gaskiya ne. Caitlin Brown da Martin Ravallion da Dominique van de Walle, da suka duba ƙasashen Afirka 9 har da Nijar da Najeriya, sun ga lissafin yana iya tace masu hali, amma yana zubar da talakawa da yawa.

Mataki na gaba shi ne waya. Lokacin korona, Togo ta raba tallafin Novissi ta kuɗin waya, a wani zagaye kuma aka zaɓi mutane da manhajar da ke hasashen talauci daga yadda mutum ke kira da sayen kati. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya ce ta rage tsallake mabukata da kashi 4 zuwa 21 in an kwatanta da zaɓe ta yanki, amma ta gaza cikakkiyar rajistar gidaje. Bashin waya, wanda M-Shwari ta yaɗa a Kenya daga 2012, da irin wannan hasashen yake aiki. A nan matsalarmu ta bambanta da ta Amurka. Can ana kukan na'ura ta yi wa mutum mummunan gani, nan kuwa sau da yawa ba ta gan shi ba sam. Matar da ke amfani da wayar mijinta, makiyayin da ke sauya layi tsakanin Kusiri da Injamena, wanda ba shi da katin shaida don ba a yi masa takardar haihuwa ba, 'yar kasuwar da ta shekara goma tana zubin adashi ba ta taɓa fashi ba amma babu inda aka rubuta, duk waɗannan ba su cikin abin da manhaja ke koyo da shi. Wanda ba a taɓa ba bashi ba kuwa, babu yadda za a yi lissafi ya gano cewa da zai biya.

Doka ta fara motsi. Chadi ta yi dokar kare bayanan mutane a 2015, Kamaru a Disamban 2024. Amma kare bayanai dabam, ba da damar bincike dabam. Binciken Boston ya yiwu ne don wata dokar Amurka ta 1975, da aka faɗaɗa a 1989, ta tilasta wa bankuna bayyana wanda suka ba bashin gida da wanda suka hana. ProPublica ma da dokar neman bayanan hukuma ta samo makin COMPAS. Malamin lissafi a Jami'ar Marwa ko Ngaundere ko Injamena da ke son yin irin wannan aiki, abin da zai fara nema shi ne jerin tambayoyin da makin kowace amsa, da adadin waɗanda aka ƙi a kowace gunduma, maza nawa mata nawa, da kuma adadin waɗanda suka kai ƙara aka mayar da sunansu.