Katin girafik ga mai kuɗi kaɗan: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Katin girafik shi ne abin da ake sokawa a kwamfuta don ya zana hoton gem a kan monita. Tambayoyin nan da ake yi mini a kansa kusan kullum su ne, mai yi kawai ke canzawa. Ga amsoshinsu a wuri guda. Wanda ya sake yi mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wane kati ne ya fi kowanne?

Ba shi kake nema ba, don wanda ya fi kowanne ya fi ƙarfin aljihunka. Gaya mini monitar da kake da ita da gem ɗin da kake bugawa. Idan monitarka 1080p ce (wannan ma'aunin kaifin hoton sikirin ne), kamar ta yawancinmu, katin da ya haura matsakaici ɓarnar kuɗi ne.

An nuna mini GT 730 mai 4GB, kuma da araha. In ɗauka?

A'a.

Amma ai 4GB ne fa?

Haba malam, wannan lambar ita ke cinye kuɗin mutane. GB ɗin wurin ajiya ne kawai, ƙarfin aiki yana cikin injin katin. Keke napep ne aka ɗora masa tankin tirela, tankin ba zai ƙara masa gudu ba. GT 730 tun 2014 ya fito, kuma ko a lokacin don aikin ofis aka yi shi. Girafik ɗin da ke cikin furosesa, wato injin kwamfutar kanta, irin Ryzen 5 5600G ma ya fi shi. GT 710 ma ka bar shi. GT 1030 kuma iri biyu ne, mai wurin ajiya irin GDDR5 da mai irin DDR4, suna ɗaya, amma na biyun da ƙyar yake yin rabin aikin na farkon.

Zan iya sa wa laftof ɗina?

Ba za ka iya ba. Na laftof a manne yake da allon cikinta. Maganar destof muke yi.

NVIDIA ko AMD?

Kamfanonin da ke ƙera injin katunan ke nan: GT, GTX da RTX na NVIDIA ne, RX na AMD. Ɗauki wanda ya fi ba ka aiki a kuɗin da ke hannunka. Ku daina mayar da abin kamar gardamar ƙwallo. A ƙananan katuna AMD ya saba fin araha, NVIDIA kuma ya fi dacewa da mai haɗa gem da gyaran bidiyo ko aikin manhajar zanen 3D irin Blender. Intel ma ya shigo: Arc B580 ya fito a Disambar 2024 da 12GB a kan dala 249. Sai dai ba ya sakin jiki sai kwamfutar tana da wani saiti da ake kira Resizable BAR, wanda tsofaffin kwamfutoci ba su da shi, don haka mai tsohon inji ya bar shi.

To ba ni sunaye kawai.

RX 6600 mai 8GB, na 2021. Shi nake fara ambata wa duk mai monita 1080p, yana cin wat 132 kacal kuma yana ɗaukar GTA V, Fortnite, eFootball da EA Sports FC ba tare da wahala ba. In da ɗan ƙari, RTX 3060 mai 12GB, amma ka duba da kyau don akwai mai 8GB da suna iri ɗaya wanda bai kai shi ba. In sabo fil kake so, RTX 4060 ko RTX 5060, duka a kan dala 299 suka fito, ko RX 9060 XT na 2025. In kuɗin sun yi ƙasa sosai, GTX 1660 Super mai 6GB har yanzu bai tsufa da ƙwallo da gem ɗin harbi na intanet ba. Farashin dala da na ambata na ranar fitowa ne a Amurka, kafin ya iso Legas ko Kano kuɗin jirgi da na kwastan da canjin naira sun hau kansa.

Na samu RX 580 mai 8GB na hannu, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. In saya ko in haƙura?

Wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa da kalma ɗaya, don haka ka zauna ka karanta.

Katin kansa ba shi da laifi. Ya fito a 2017, ya yi zamani, kuma har yau yana buga gem da yawa a 1080p idan ka rage saiti zuwa matsakaici. Ga wanda GTA V da ƙwallo kawai yake so, zai iya wadatar da shi. Matsalar ita ce inda ya fito kafin ya zo hannunka. RX 580 na cikin katunan da masu haƙar kirifto, wato masu sa katuna lissafi don samun kuɗin intanet, suka fi yi wa rubdugu. Suna jera su a kan katako, suna aiki dare da rana ba hutu. Da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifton, ya daina amfani da katuna a Satumbar 2022, sai aka kwararo su kasuwa, kuma da yawa daga cikin na hannun da ke yawo yanzu daga can suke.

Shin hakan na nufin duk sun lalace? Ba lallai ba. Wasu masu haƙar sukan rage wa katin wuta don kuɗin lantarki, sai ya zauna a zafi ɗaya, wanda hakan bai cika cutar da injin ba. Abin da ya fi gajiya shi ne fanka, da ƙwaƙwalwar ajiyar katin, da man sanyaya da ke tsakanin injin da ƙarfen da ke ɗauke zafi, wanda kan bushe ya zama kamar alli. Fanka da mai ana canza su da kuɗi kaɗan. Ƙwaƙwalwa in ta fara mutuwa, shi ke nan. Wasu kuma an sauya musu BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin katin, don haƙa, ba a mayar da na asali ba, sai ka ga direban AMD, wato manhajar da ke sa katin aiki da kwamfuta, ya ƙi hawa ko gem na ta fita da kansa.

Akwai wani tarkon. Wani kati da aka yi don kasuwar Sin ana kiransa RX 580 2048SP. Sunan ya yi kama, amma a aiki RX 570 ne. Na gaskiyar yana da ƙananan injinan lissafi 2304, wancan 2048. Yawancin masu sheƙi a sabon kwali da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba irinsa ne, tsohon inji aka ciro aka yi masa sabuwar riga. Ba haramun ba ne saye, in ka san abin da kake saye kuma farashin ya nuna haka.

Don haka amsata ita ce: ka iya saya, bisa sharaɗi. Kada ka biya sai an kunna shi a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z, kyauta ce, ka ga suna da lambar 2304 da girman ƙwaƙwalwa da idonka. Sannan a sa manhajar gwajin kati ta FurMark ko gem mai nauyi ya yi kamar minti ashirin. Ka tsaya kana kallon sikirin. Ɗigo-ɗigo masu launi, koren layi, ko sikirin ya yi baƙi ya dawo, duk alamun ajali ne, ka ajiye masa kayansa. Ka kasa kunne kusa da fanka, in kana jin ƙara kamar yashi ya shiga ciki, a rage maka kuɗin sabuwa. Ka juya bayan katin ka duba allon: wurin da ya yi launin ruwan ƙasa ya sha zafi, ƙusoshin da kansu ya cinye kuma sun nuna an sha buɗe shi. Buɗewa ba laifi ba ce, wataƙila mai aka canza, amma ka tambaya ka ji abin da zai ce. Ka nemi garantin ko da mako guda, a rubuce a rasit. Mai kaya mai gaskiya ba ya jin haushin gwaji. Wanda ya ce babu wuta, ka je gida ka gwada, kada ka ba shi ko sisi.

Ko duk ya ci jarrabawar nan, ka yi wani lissafin. Yana cin wat 185, ga shi AMD ta rage kula da direbobinsa, kuma sababbin gem irin Doom: The Dark Ages na 2025 ba sa ma buɗewa a kansa don suna buƙatar fasahar bin haske da ba shi da ita. In tazarar kuɗi tsakaninsa da RX 6600 na hannu abu ne da za ka iya tarawa cikin wata biyu ko uku, ni dai zan ce ka jira. In kuwa ba hali, kuma fawa fak ɗinka, wato akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta, mai kyau ce, saya, ba ka yi wauta ba.

GTX 1050 Ti sabo a kwali, kusan kyauta?

Duba bayansa. In ka ga shuɗin ramin VGA na tsohuwar wayar monita, jabu ne, don na gaskiya ba ya zuwa da shi. Galibi tsohon GTS 450 ne aka canza wa suna.

Ina da kwamfutar ofis tokumbo, Dell ko HP, siririyar nan. Me zai shiga?

Buɗe murfin ka karanta takardar da ke jikin fawa fak, wato akwatin da ke raba wuta. Irin waɗannan sukan zo da wat 180 zuwa 240, ba su da wayar kati, kuma da yawa ba a iya canza musu fawa fak da ta kasuwa don soket ɗinsu daban ne. Ramin da ake soka kati wat 75 kawai yake bayarwa. Saboda haka zaɓinka gajerun katuna ne marasa buƙatar waya: GTX 1650, RX 6400, ko RTX 3050 mai 6GB da ke cin wat 70. Ka auna tsawo da faɗin akwatin kafin ka fita daga gida.

Kuma don Allah ku bar wayar nan da ke juya soket ɗin SATA, wato na wutar had disk, zuwa mai fil takwas na kati. SATA bai wuce wat 54 ba, mai fil takwas kuwa ana jan 150 ta cikinsa. Narkewa take yi, wani lokaci har da hayaƙi.

8GB ya isa?

A 1080p, ya isa yau. Tun 2023 wasu manyan gem suka fara cika shi a saiti mafi girma. Sauke ingancin zane mataki ɗaya, ba za ka ga bambanci ba. In farashin ya yi kusa, ɗauki mai 12GB ko 16GB.

Fawa fak ɗin da ta zo da akwati ba ta isa ba? An rubuta 500W a jiki.

Ɗaga ta ka ji. In ba ta da nauyi kuma babu sunan kamfanin kirki, rubutun nan ado ne. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi kati, sannan ya ji ƙyashin sayen abin da zai ba shi wuta, wannan abin na ba ni takaici. RX 6600 na son wat 450 na gaskiya, RTX 3060 kuma 550. Cire kuɗinta daga kasafinka tun farko, ko da hakan zai sa ka sauko mataki ɗaya a kati. Ga yadda wutarmu ke zuwa tana ɗaukewa, ga janareto, ka haɗa da UPS ko sitabilaiza.

Da sola nake amfani, akwai bambanci?

Sosai. RTX 4060 wat 115 yake ci, RX 580 kuma 185, alhali na farkon ya ninka shi ƙarfi. Batirinka zai gaya maka bambancin da daddare.

Katina yana kai digiri 75, zai ƙone?

Kwantar da hankalinka, ba abin da zai same shi. Tsakanin 70 da 80 lokacin gem daidai ne, balle a watan Afrilu da ɗakin kansa ke neman 40. In ya wuce kima shi da kansa yake rage gudu. Abin da zan roƙe ka shi ne ƙura. Ɗauke akwatin daga ƙasa ka ɗora a tebur, kuma bayan hunturu ka buɗe ka hure shi da abin hura iska, kana riƙe da fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa.

Na sa sabon kati amma gem na nan yadda yake, an cuce ni?

Leƙa bayan kwamfutar tukuna. Wayar monita a jikin katin za ka soka ta, can ƙasa, ba a ramin sama na madabod, wato babban allon kwamfutar, ba. In tana daidai, sauke direba daga shafin NVIDIA ko AMD, ka goge tsohon. In har yanzu yana sarƙewa, duba RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfutar kanta: 8GB guda ɗaya tilo ya yi kaɗan, ka mayar da shi 16GB, guda biyu masu 8 iri ɗaya. Sai ka gama waɗannan ukun kafin ka koma wurin mai shago da faɗa.