Shin Magajin Gari shi ne mai jiran gado a Katsina?

Kullum aka zauna hira a Ƙofar Soro, aka taɓo sarauta, sai wani ya ce ai duk wanda aka naɗa Magajin Gari an riga an nuna shi. Akwai dalilin da ya sa ake faɗin haka. Usman Nagogo yana Magajin Gari ya gaji Sarki Dikko a 1944. Daga wannan kujerar Muhammadu Kabir Usman ya hau a 1981, haka ma Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Sau uku a jere, dole mutane su ɗauka doka ce.

To amma ba doka ba ce, kuma abin yana damuna idan na ji ana koya wa yara haka.

“Yarima mai jiran gado” da muke ji a rediyo magana ce ta wasu ƙasashe. A Ingila, babban ɗan sarki shi ne magaji tun ran da uban ya hau, kuma dokar 2013 ta daina fifita namiji a kan yayarsa mace. A Saudiyya sarki ne ke naɗa magajinsa da ransa, kamar yadda aka yi wa Muhammad bin Salman a 2017.

Mu nan ba a cin gadon mai rai. Magajin Gari hakimi ne, kuma “magaji” a sunan sarautarsa ba alƙawarin gadon sarauta ba ne. Sai sarki ya rasu masu zaɓen sarki suke zama, wato Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, su duba 'ya'yan gidan sarauta, su miƙa wa gwamnatin jiha abin da suka tsayar. Gwamna ne ke amincewa a ƙarƙashin dokar masarautu, daga baya ya ba da sanda. Kafin wannan amincewar babu wanda zai ce kujerar tasa ce, komai kusancinsa da marigayi.

Abin da sarautar ke ba mai ita shi ne horo. Yana riƙe da birni a gaban idon sarki, talakawa sun san shi, manyan fada sun ga hannunsa. Shi ya sa masu zaɓe kan karkata gare shi, amma in sun ga wani ɗan sarkin ya fi cancanta, ba abin da ya ɗaure musu hannu.