Gulbin Gagare

Gulbin Gagare ƙaramin gulbi ne a arewa maso yammacin Nijeriya, kuma ɗaya daga cikin rassan da ke ciyar da Gulbin Rima. Mafi yawan tafiyarsa a cikin Jihar Zamfara yake yinta. A taswirorin Turawa an fi rubuta shi Gagere, amma Gagare ne a bakin mutanen da ke shan ruwansa.

Hanyarsa

Gagare yana tasowa daga tuddan da ke wajen iyakar Zamfara da kudancin Katsina, ɓangaren da Gulbin Sakkwato ma ya samo tushe. Daga nan ya nufi arewa, ya bi ta gefen Ƙauran Namoda, ya gangara ƙasar Shinkafi. A can ƙasa, wajen Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato, ruwansa da na Bunsuru da na Gulbin Maraɗi suke haɗuwa su zama Rima. Rima kuwa sai ya ratsa madatsar Goronyo, ya gamu da Gulbin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kabi har su faɗa Kwara.

A sama gulbin kan dutse yake gudu, ƙasar ba ta riƙe ruwa, shi ya sa da an yi ruwan sama mai ƙarfi yake cika nan da nan. Can arewa kuma ƙasar yashi ce shimfiɗaɗɗiya, sai ya yi faɗi, ya rage gudu, ya bar fadama a gaɓoɓinsa.

Damina da rani

Wanda ya ga Gagare a watan Agusta ba zai gane shi a watan Maris ba. Da damina ruwansa ja ne wur, yana tafe da itace da kara, yana cin gaɓa, wani lokaci har ya haura gonaki. Da rani kuwa sai fili na farin yashi, yara na ƙwallo a tsakiya, jakuna da manyan motoci na kwasar yashin gini. Ruwan bai tafi duka ba, yana nan kwance a ƙarƙashi. Mai ɗibar ruwa zai tona rami da hannu, ya ɗan dakata ruwa ya tsattsafo ya kwanta, sannan ya riƙa kwalfa da ƙoƙo yana zubawa a jarka. Da wannan ruwan ake noman rani na albasa da tumatir da tattasai, a da da jigo, yanzu da injin ban ruwa. Makiyaya ma nan suke shayar da shanu.

Sunan

Da farko, gulbi ake ce masa. Hausar Zamfara da Sakkwato da Kabi da Katsina ta fi amfani da wannan kalma a inda Bakano zai ce kogi, don haka ake da Gulbin Ka da Gulbin Zamfara da Gulbin Kabi. Wanda ya ce Kogin Gagare bai yi kuskure ba, sai dai an san baƙo ne.

Kalmar Gagare kuma kunnen Bahaushe ba ya wahalar kama ta, domin daidai take da wata siffa ta aikatau gagara, wato fin ƙarfi. Ana cewa abu ya gagara, ya gagari kowa, amma idan wakilin suna ya biyo baya sai a ce ya gagare ni, ya gagare su. Daga saiwar nan aka sami gagararre da gagarau. Ga gulbin da ke tashi dare ɗaya ya hana tsallakewa, suna ne da ya zauna daram. Maƙwabcinsa Bunsuru sunan dabba ya ɗauka, garin Shinkafi kuma sunansa na tuna wa mai ji shinkafar fadama.

A tarihi

Kwarin Gagare tsohon mazauni ne. Birnin Zamfara, hedikwatar tsohuwar masarautar Zamfara, yana yankin Isa ta yau kafin Sarkin Gobir Babari ya ci shi a ƙarni na 18, Gobirawa suka kafa Alƙalawa, wadda ita ma ta faɗi hannun masu jihadi a 1808. Ƙauran Namoda ta ɗauki sunan Namoda, jagoran Fulani Alibawa a zamanin jihadin, kuma har yau sarautar garin Sarkin Kiyawa ce. A 1929 layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso garin ya tsaya, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga daga bakin Gagare zuwa kudu.