Ƙodar jariri tana aiki tun yana ciki

A wajen awon ciki a Gombe, mata da yawa sun ɗauka ƙodar jariri ba ta aiki sai ya faɗo duniya. Ba haka ba ne.

Ƙoda kashi uku ɗan tayi ke yi, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko tana fitowa a mako na 4 bayan shigar ciki, ta shuɗe ba ta yi komai ba. Ta biyu ta riƙe na ɗan lokaci. Ta dindindin tana farawa a mako na 5, can ƙasa cikin ƙugu, sannan ta hau gurbinta zuwa mako na 9. Wajen mako na 10 ta fara fitar da fitsari.

Daga tsakiyar ciki, mafi yawan ruwan faya fitsarin jaririn ne. Ba ƙazanta ba ne, domin mabiyiya ce ke kwashe dattin jininsa. Idan ƙodojin ba su samu ba ko hanyar fitsari ta toshe, ruwan ya ƙafe, huhu ya kasa girma.

Shi ya sa hoton ciki na mako 18 zuwa 22 yake da muhimmanci. Kuma mai ciki, don Allah, kada ta sha ibuprofen ko diclofenac bayan mako 20 sai da izinin likita, suna rage fitsarin jaririn.