Waiwaye: ɗauko mata zuwa Faransa, daga 1976 zuwa yau

A watan Yuli na 1974 Faransa ta dakatar da ɗaukar ƴan ƙwadago daga waje. Mazan da suka riga suka shiga sai suka rage zuwa gida, don gudun kar a hana su komawa, suka shiga neman a kawo musu iyalinsu. Dokar ranar 29 ga Afrilu 1976, zamanin shugaba Giscard d'Estaing, ita ta tsara wannan hanya. Shekara guda bayan haka gwamnati ta nemi toshe ta, amma a Disamba 1978 babbar kotun harkokin mulki ta ce baƙo ma yana da haƙƙin zama da iyalinsa.

Tun daga nan ba a sake rufe ƙofar ba, sai dai ana ta tsuke ta. Dokar Pasqua ta 1993, mai sunan ministan cikin gida na lokacin, ita ta fi taɓa mutanenmu ƴan Nijar: mai mata biyu ɗaya kawai zai ɗauko, kuma in akwai mata tare da shi can, ta biyu ba ta da hanya. A 2006 aka ce sai miji ya yi wata 18 da takardar zama kafin ya nema. An so a kai shi wata 24, kotun tsarin mulki ta soke wannan a Janairun 2024.

Yau miji yana kai takardunsa OFII, hukumar kula da baƙi ta Faransa. Ana duba albashinsa na wata 12, wanda dole ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar, kuma kuɗin tallafin yara ba sa shiga lissafi. Gida kuwa, mutum biyu na buƙatar murabba'in mita 22 zuwa 28 gwargwadon yanki, da ƙarin 10 kan kowane mutum da ya ƙaru. Matar sai ta cika shekara 18. Ana neman iyali gaba ɗaya ne, ba a tsinci ɗa ɗaya a bar sauran, sai da hujja mai ƙarfi. Perefe, wakilin gwamnati a yankin da mijin yake zaune, yana da wata 6 ya ba da amsa.

Amma inda takardun ƴan Maraɗi suka fi maƙalewa a gida Nijar ne. An ɗaura aure gaban liman da waliyyai, an biya sadaki, an raba goro, ba wanda ya taka zuwa ofishin magajin gari a rubuta. Aure ne cikakke a wurinmu, amma jami'in biza takarda yake dubawa. In wa'adin rajista ya wuce, sai an je gidan shari'a da shaidu an samo hukunci, kuma irin wannan takarda da aka yi bayan shekaru ita aka fi yi wa bincike. Sai matsalar suna: Mahamadou a takardar haihuwa, Mamane a fasfo, ko shekarar haihuwa da aka yi wa kintace. Bambancin harafi biyu kan jawo a ƙi biza bayan perefe ya amince, abin takaici ga matar da ta daɗe tana jira a gidan surukai. A gyara waɗannan tun kafin miji ya kai takarda, kuma kar a yarda da mai cewa zai "haɗa" takarda. Ta jabu ɗaya tana rusa komai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantakar Nijar da Faransa ta lalace, Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Ƴamai a Janairun 2024. Yanzu sai matar ta ƙetara wata ƙasa neman biza, da kuɗin mota da na masauki, wani lokaci da goyo. In bizar ta fito, wata 3 gare ta ta shiga Faransa.