Ba'amurke Mai Aiki a Jamus: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zamansa na Yau da Kullum

Gwamnatin Amurka ba ta saka fararen hularta mazauna ƙasashen waje a ƙidayar jama'ar da take yi duk shekara 10, shi ya sa alƙaluman yawansu suka sha bamban. Ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta taɓa ƙiyasta su da miliyan 9, alhali ofishin da ke taimaka musu wajen jefa ƙuri'a ya ce sun kai kimanin miliyan 4.4 a 2022. Meziko da Kanada ne ƙasashen da suka fi kowace yawansu. A nan an ɗauki Jamus a matsayin misali, kuma maganar ta shafi ma'aikaci farar hula ne wanda wani kamfani ya ɗauka aiki a Berlin ko Frankfurt ko Munich, ban da sojojin da ke sansanoni irin na Ramstein, waɗanda wata yarjejeniya ta dabam ce ke tafiyar da zamansu.

Shin fasfon Amurka kaɗai ya ishi mutum ya zauna ya yi aiki a Jamus?

Bai isa ba. Abin da fasfon yake ba shi shi ne damar shiga ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, da kuma wata alfarma da 'yan ƙasashe ƙalilan ne suke da ita, wato ya nemi takardar izinin zama da aiki bayan ya riga ya shiga ƙasar, ba lallai sai daga gida ba. Kafin takardar ta fito ba shi da ikon fara aiki. Akwai kuma wani mataki da ke ba Amurkawa mamaki, domin babu irinsa a ƙasarsu: dole ne duk wanda ya tare a gida ya je ofishin hukumar gari ya yi rajistar adireshinsa cikin kwana 14, ɗauke da takardar shaida daga mai gidan haya. Daga wannan rajista ce lambar harajinsa take fitowa, kuma sau da yawa banki ma ba ya buɗe masa asusu sai ya gan ta. Saboda haka sabon zuwa yakan sami kansa a tsaka mai wuya, mai gida yana neman shaidar albashi da tarihin biyan bashi na cikin Jamus kafin ya ba shi haya, hukuma kuma tana neman adireshi kafin ta ba shi takardun da zai karɓi albashin da su.

Yaya aikin kansa yake, idan aka kwatanta da wanda ya baro?

A nan ne bambancin ya fi girma. A Amurka babu wata dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ba ma'aikaci hutun shekara da albashi, kuma a kusan dukkan jihohi ana iya sallamar ma'aikaci a kowane lokaci ba tare da an faɗi dalili ba, muddin ba a saɓa wa dokokin hana wariya ba. A Jamus kuwa doka ta ba mai aikin kwana biyar a mako hutun kwana 20 a ƙalla, kamfanoni da yawa kuma suna ba da 28 zuwa 30. Idan rashin lafiya ta kwantar da shi, kamfani zai ci gaba da biyansa cikakken albashi har tsawon mako shida bisa takardar likita, sannan inshorar lafiya ta karɓa da wani kaso. Bayan wata shida a kamfanin da ke da ma'aikata fiye da 10, ba a iya korarsa sai da hujjar da za ta tsaya a gaban kotun ma'aikata. Mace mai ciki tana da hutun mako shida kafin haihuwa da takwas bayanta, iyayen biyu kuma suna iya raba tallafin reno na wata 14, alhali dokar Amurka ta 1993 mako 12 ta tanada, su ma ba albashi.

Alƙaluman OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, sun nuna cewa ma'aikaci a Amurka yana yin kimanin awa 1,800 a shekara, na Jamus kuma kimanin 1,350, kodayake yawan masu aikin rabin lokaci a Jamus yana cikin abin da ya rage adadin. Amma albashi a fannoni irin su kwamfuta da likitanci ya fi tsoka nesa ba kusa ba a Amurka, abin da ake cirewa na haraji da fansho da inshora kuma ya fi yawa a Jamus. Ba'amurken da ya saba karɓar kuɗinsa duk mako biyu zai koma jiran ƙarshen wata. A ganina wanda ya je don tara dukiya cikin gaggawa ya yi kuskuren ƙasa. Wanda ke son ya tashi daga ofis da yamma ba tare da wayar shugabansa ta biyo shi gida ba shi ne zaman yake yi wa daɗi.

Ina batun asibiti?

Inshorar lafiya wajibi ce a kan kowane mazaunin Jamus, kuma tsarin na gwamnati ya samo asali ne tun dokar 1883 ta zamanin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin. Ana cire kashi 14.6 cikin ɗari na albashi tare da wani ɗan ƙari, ma'aikaci da kamfani su raba nauyin daidai, kuma 'ya'ya da matar da ba ta da kuɗin shiga, ko mijin, suna shiga ciki ba tare da ƙarin biya ba. Ga mutumin da ya tashi a inda rasa aiki kan zo da rasa inshora, shiga wajen likita da kati a fito ba tare da takardar biyan kuɗi ta biyo baya ba abu ne da ke ɗaukar lokaci kafin a saba da shi. Abin lura ga tsofaffi shi ne inshorar Medicare ta Amurka, wadda mutum ya yi shekaru ana cire masa kuɗinta, galibi ba ta biyan jinyar da aka yi a wajen ƙasar.

Waɗanne ƙananan abubuwa ne suka fi wahalar da shi a cikin mako?

Gidan haya na farko yakan zo da darasi. Ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga kicin ya tarar da bango da bakin famfo kawai, babu murhu, babu kabad, babu wurin wanke kwanuka, domin wanda ya tashi ya kwance kayansa ya tafi da su. Mai gida yana da ikon karɓar kuɗin ajiya da bai wuce hayar wata uku ba. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda kusan kowane gida ke da ita a kudancin Amurka, ba kasafai ake samunta ba. Kowane gida yana biyan kuɗin kafofin yaɗa labarai na gwamnati Yuro 18.36 a wata, ko da talabijin ko babu, wanda kuma ya rubuta a takardar rajista cewa shi ɗan cocin Katolika ne ko na Furotesta zai ga an ƙara masa harajin coci na kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajinsa.

Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai na manyan tashoshin jirgin ƙasa da gidajen mai, don haka wanda bai yi cefane ranar Asabar ba ya shiga uku. Daga ƙarfe 10 na dare ba a son hayaniya, kuma maƙwabci ba ya jin nauyin liƙa takardar gargaɗi a ƙofa. Shara ana raba ta kashi-kashi, robar lemo kuma ana mayar da ita kanti a saka a inji a karɓi santi 25. Sai kuma lissafin da yake yi a zuci kullum: idan an ce zafi ya kai 30 a ma'aunin Celsius, sai ya mayar da shi 86 a ma'aunin Fahrenheit da ya sani, mil ya zama kilomita, wutar gida ta tashi daga bolt 120 zuwa 230, kuma kwanan wata da shi yake fara rubutawa da wata, su da rana suke farawa.

Lasin tuƙinsa wata shida yake aiki bayan ya tare. Abin da zai biyo baya ya danganta da jihar da ta ba shi lasin, domin kowace jiha da matsayinta a wajen Jamus: wasu ana musanya nasu kai tsaye, na New York da Kalifoniya kuwa sai sun sake jarrabawar rubutu da ta tuƙi.

Zai iya zama da Turanci kawai?

A ofisoshin manyan kamfanoni da wasu unguwannin Berlin yana yiwuwa, amma wasiƙun hukuma da yarjejeniyar haya da taron iyayen yara duk da Jamusanci suke zuwa, kuma izinin zama na dindindin yana buƙatar shaidar iya harshen. Ba'amurke ya saba kiran shugabansa da sunan yanka da yin fara'a ga wanda bai sani ba. A Jamus akwai lafazin girmamawa da na sabo, kuma babba ne ke ba da izinin komawa na biyun.

Da gaske ne yana ci gaba da hulɗa da hukumar harajin Amurka alhali ba ya zaune a can?

Da gaske ne, kuma wannan shi ne abin da ya raba shi da kusan kowane baƙo da ke aiki a teburin kusa da nasa. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ban da Ba'amurke. Ƙasashen duniya suna ɗora haraji ne bisa inda mutum yake zaune. Amurka kuwa tana ɗora shi bisa zama ɗan ƙasa, al'adar da ta faro tun yaƙin basasar shekarun 1860, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da ita a 1924. Eritiriya ce kaɗai ake ambata tare da ita a wannan hanya. Saboda haka sau da yawa yakan cike takardun haraji biyu a shekara, na Jamus da na Amurka. Wa'adin Amurka 15 ga Afrilu ne, amma mazauna waje suna da ƙarin wata biyu zuwa 15 ga Yuni.

Cike takarda ba ya nufin biyan kuɗi sau biyu. Yana iya cire albashin da ya samu a waje har zuwa wani adadi, wanda ya kai dala 126,500 a shekarar 2024, idan ya cika sharaɗin zama, misali kwana 330 a wajen Amurka cikin wata 12. Ko kuma a lissafa masa harajin da ya biya wa Jamus a rage daga na Amurka, kuma da yake na Jamus ya fi yawa, yawanci ba a binsa ko sisi. Wahalar tana cikin takardun da kuɗin akawun da ya san dokokin ƙasashen biyu. Idan jimillar abin da ke asusunsa na waje ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, dole ya kai rahoto ga baitulmalin Amurka, kuma tarar rashin yin hakan tana da tsanani.

Sannan ga dokar FATCA ta 2010, wadda ta tilasta wa bankunan duniya su riƙa kai rahoton asusun Amurkawa, in ba haka ba a riƙe kashi 30 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da ke zuwa musu daga Amurka. An yi ta ne don kama attajirai masu ɓoye dukiya, amma wanda ya fi jin jiki shi ne malamin makaranta ko injiniya, domin wasu bankuna da kamfanonin zuba jari sun ga ya fi musu sauƙi su ƙi karɓar Ba'amurke gaba ɗaya. Dokar ba ta tsaya kan waɗanda suka tashi a can ba. Jaririn da aka haifa a asibitin Houston aka dawo da shi Kano yana wata uku, matuƙar ya sami zama ɗan ƙasa ta haihuwa, nauyin nan yana kansa idan ya girma, ko ya sani ko bai sani ba.

Yana da bakin magana a siyasar gida?

Yana da ƙuri'a. Dokar 1986 ta ba shi damar zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya ta gidan waya, a jihar da ya zauna a ƙarshe, ko da ya yi shekara 30 rabonsa da ita, kuma tun 2009 aka wajabta wa jihohi aika takardar ƙuri'a kwana 45 kafin zaɓe. Sai dai ba shi da wakili nasa na kansa a majalisa kamar yadda Faransawa da Italiyawa mazauna waje suke da shi. Ƙuri'un miliyoyin mutane sun warwatse a jihohi 50, wannan kuma na cikin dalilan da suka sa kukansu kan haraji bai cika samun mai saurare ba.

Yaya yake riƙe zumunci da gida?

Berlin tana gaban New York da awa shida, tana gaban Kalifoniya da tara, don haka hira da iyaye ta waya sai da yamma ko ƙarshen mako. Bikin godiya na Alhamis ta huɗu a Nuwamba ranar aiki ce a Jamus. Akan ɗage shi zuwa Asabar, a yi odar talotalo guda tun da wuri a wajen mahauci, a gayyato abokan aiki.

'Ya'yan da ya haifa a can Amurkawa ne?

Yawanci haka ne, amma da sharaɗi. Idan ɗaya daga cikin ma'auratan ne kaɗai Ba'amurke, sai ya nuna cewa ya zauna a Amurka shekara biyar kafin haihuwar, biyu daga ciki bayan ya cika 14, sannan ofishin jakadanci ya ba da takardar shaidar haihuwa a waje. Ma'anar wannan ita ce yaron da ya tashi a Jamus bai taɓa zama a Amurka ba, mai yiwuwa ba zai iya gadar wa nasa 'ya'yan zama ɗan ƙasa kai tsaye ba. Karatu kuma dole ne a makaranta, domin koyar da yaro a gida, wanda doka ta halatta a duk jihohin Amurka, haramun ne a dokar Jamus.

Me ya sa wasu suke ajiye zama 'yan Amurka?

Galibi gajiya da takardun haraji da matsalar banki ce, musamman ga waɗanda ba su da niyyar komawa. Sanannen misali shi ne Boris Johnson, tsohon firaministan Biritaniya, wanda aka haifa a New York a 1964: hukumar harajin Amurka ta nemi kasonta daga ribar gidan da ya sayar a Landan, ya yi ƙorafi a bainar jama'a, daga baya ya biya, ya kuma ajiye takardarsa a 2016. Hanyar ba ta da sauƙi. Dole mutum ya je ofishin jakadanci da kansa ya yi rantsuwa, ya tabbatar da cewa takardun harajinsa na shekara biyar sun cika, mai dukiyar da ta kai dala miliyan 2 kuma yana iya fuskantar harajin fita. A 2014 an ɗaga kuɗin wannan hidima daga dala 450 zuwa 2,350. A da, Ba'amurken da ke son fasfon Jamus yawanci sai ya rabu da nasa, amma dokar da ta fara aiki a watan Yunin 2024 ta halatta riƙe biyun, ta kuma rage shekarun jira daga takwas zuwa biyar.